Yaro mai fargaba da barcin dare: inda iyaye ke kuskure

Yaron da fargaba ke damunsa yakan daure da rana, karatu da wasa sun ɗauke masa hankali. Da an kashe fitila gida ya yi tsit, sai duk abin da ya kauce wa tun safe ya taso masa: jarrabawar gobe, motsin da ya ji a bayan taga, kada wani abu ya sami mahaifiyarsa. Ya kwana ido biyu, washegari fargabar ta ƙaru, da dare kuma ta sake hana shi runtsawa.

Da yawanmu tsawa muke fara yi: "Rufe ido ka yi barci!" Amma barci ba ya zuwa da ƙarfi, kuma yaron da zuciyarsa ke dukan uku-uku tsawa sai ta ƙara firgita shi.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa daga tausayi yake fitowa, shi ya sa ya fi wuyar ganewa. Uwa ta kwanta kusa da ɗanta har ya yi barci, ta amsa "kin tabbata an kulle ƙofa?" sau goma, daga bisani ta ɗauke shi zuwa gadonta. Daren ya wuce lafiya. Sai dai abin da yaron ya koya shi ne haɗarin gaskiya ne, kuma ba zai iya ba sai da ita. Eli Lebowitz na Jami'ar Yale ya gina tsarin jinya mai suna SPACE a kan wannan, inda iyaye ke zuwa wajen masanin, su koyi rage irin wannan taimakon. Ba a yankewa dare ɗaya. Ki koma kan kujera a gefen gado na 'yan kwanaki, sannan ki ja ta zuwa bakin ƙofa, sannan waje. Ki ce masa: "Na san kana jin tsoro, na kuma san za ka iya. Zan leƙo bayan minti biyar." Ki leƙo ɗin kuwa, ko da ya yi shiru, don wannan cika alkawarin ne ke sa ya saki jiki. Kwanakin farko kukan zai ƙaru. A nan mafi yawa ke sarewa, ban kuma ga laifinsu ba, amma ja da baya a lokacin na koya masa cewa kuka mai tsanani na aiki.

Kada kuma gado ya zama wurin tattauna damuwa. A ware minti 10 zuwa 15 da yamma, ya faɗa ko ya rubuta, a rufe littafin sai gobe.

Na matasa daban ne. A lokacin balaga agogon jiki kan ja baya da kusan awa biyu, sinadarin melatonin mai kawo barci ya makara fitowa. Idan aka tura yarinya 'yar shekara 15 ta kwanta ƙarfe tara, za ta yi ta juyi tana saƙa da warwara, har jikinta ya saba cewa gado wurin zullumi ne. Gara ta kwanta lokacin da barci ya fara fizgarta, idan ya ƙi zuwa bayan kamar minti 20 ta tashi ta yi karatu mai sauƙi a haske kaɗan. Abin da za a riƙe gam shi ne lokacin tashi, har ranakun hutu, tare da fita hasken safiya. A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce 'yan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12, 'yan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Waya ta kwana a wajen ɗaki. Kofi da lemon ƙarin kuzari su tsaya tun rana, don rabin sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu na nan a jini bayan kusan awa biyar.

Batun magani ne ya fi tayar mini da hankali. Wasu na ba yaro maganin mura don ya sa shi barci, alhali wasu yaran zabura yake sa su. Melatonin ma sai da shawarar likita: binciken da mujallar JAMA ta buga a 2023 ya gwada nau'i 25 na alawarsa a Amurka, 22 ba su dace da abin da aka rubuta a kwalba ba. Kuma ba ya taɓa fargabar kanta. Abin da ke taɓa ta shi ne jinyar sauya tunani da ɗabi'a da ake kira CBT.

Idan yaro na minshari da ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ko ƙafafunsa na damunsa da dare, a kai shi likita ya duba. Haka ma idan ya fara ƙin makaranta. Wanda kuma ya ambaci cutar da kansa, a ranar za a kai shi.