Kafin ki miƙa wa yaro wayar kwance, ga abin da za ki fara yi

Yawancinmu nan Jos ba sabuwar waya muke sai wa yara ba, in an canza waya sai a ce ungo wannan ka dinga kallon katun, alhali Facebook ɗin uwar na ciki, TikTok ɗinta na ciki, har guruf ɗin 'yan adashe. Haka Yayata ta yi a Unguwar Rogo, ta ba 'yarta mai shekara 11 tsohuwar Tecno ɗinta, ba a yi wata biyu ba na ɗauki wayar zan haska tocila an ɗauke wuta sai ga saƙon wani ƙato wai "ƙanwata turo min hotonki da yunifom mana in saka miki data". Wallahi duk sanyin Disamban nan sai da na yi gumi.

To abu na farko, a goge wayar tas a sake mata sabon seti, kuma ke ko Babansu za ku zauna ku buɗe akawun ɗin, ba a aiki yaro kasuwar Terminus wajen masu gyaran waya a ce su buɗe masa ba, don su sauri suke, shekarar haihuwa duk wadda ta zo hannu ita za su danna. Nan ne fa matsalar take. Facebook da Instagram da TikTok duk sai mai shekara 13 suka yarda ya shiga, kuma kariyar da suka tanada wa yara da shekarun da aka rubuta take aiki. A TikTok wanda bai kai 16 ba ba a iya tura masa saƙo ta bayan fage, ƙasa da 18 kuma in ya cinye minti 60 a rana sai ta tsayar da shi. Instagram ma tun 2024 akawun ɗin yara a kulle yake zuwa, sai wanda suka amince wa zai ga hotunansu. Amma in an rubuta an haife shi 1995 ai shi kenan, kin kwance masa duk wannan da hannunki.

Sai ki sauke Family Link na Google a wayarki, kyauta ne, ki haɗa da tasa. Daga nan ba abin da zai sauke sai kin yarda, kuma kina iya sa wayar ta kulle kanta ƙarfe tara na dare, ba sai an yi ta "kawo wayar nan" ana kokawa a ƙarƙashin bargo ba. TikTok na da nasa, Family Pairing. Ƙananan kuwa YouTube Kids ya ishe su.

WhatsApp ki shiga seti ki gyara yadda sai wanda ke cikin lambobinsa ne zai iya jefa shi guruf, ki sa lambar sirrin nan mai shida da ke hana a ƙwace akawun (two-step verification), ki ja masa kunne ko wa ya kira ya ce karanto min lambar da ta shigo yanzu kar ya karanta. Hoto da bajen makaranta ko ƙofar gida ko allon Islamiyya a baya, a'a. Mu iyayen ma mun fi yaran wannan laifin, ranar sauka ko ranar fati sai ki ga an zuba komai a status.

Wanda ya fi min wuya shi ne shawo kan Yaya, don ita bulala ta ɗauko. Na ce Yaya dan Allah ajiye, in kika dake ta yau gobe ko me ya faru ba za ta faɗa miki ba, kuma masu wannan aika-aikar da tsoron nan suke cin kasuwa, su karɓi hoto sannan su ce in ba a turo kuɗi ba za su watsa. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe akawun kusan 63,000 na Instagram a Najeriya kan irin wannan. In har ta kai ga haka kar a biya ko sisi, kar a yi gaggawar goge hirar, a ɗauki hoton saƙonnin da sunan akawun ɗin tukun, sannan a yi masa bulok a kai ƙara wajen 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Ita dai yarinyar yanzu a falo wayarta ke kwana, a jikin soket ɗin bayan talabijin kusa da ta uwarta, ranar Juma'a bayan la'asar su zauna su duba waɗanda suka turo neman abota tare.