Yadda na gyara furucin "mangiano"

Kai, wannan kalmar Italiyanci "mangiano", wato suna ci, ta ba ni wahala wallahi. Gaɓa huɗu nake mata, man-gi-ya-no, ina danna murya a kan "ya", kullum malamata sai ta girgiza kai. Na rage saurin odiyo zuwa 0.5, a banza, na bi dokar Italiyanci ta sa nauyi, wato danna murya, a gaɓar kusa da ƙarshe, ashe nan ba ta aiki.

Sai na koma "mangia" ta mutum ɗaya. Gaɓa biyu ce, man-gia, ba a furta "i" ɗin, aikinsa kawai ya mayar da g ta koma j. Na ɗora "no" ban matsar da nauyin ba: MAN-ja-no. Haka ma "parlano", wato suna magana: PAR-la-no. Alhamdulillahi, jiya dai ba ta girgiza kai ba.