Yadda ake sulhu da hukuma idan an tsayar maka da gini kan salga da kwata

Ranar da aka shafa mini jan fenti a katanga ina Ƙofar Ƙaura muna cinikin rodi. Maigadi ne ya bugo, murya na rawa: "Alhaji, ma'aikata sun zo da mota, sun ce kowa ya ajiye cebur." Gidaje takwas nake ginawa ta hanyar Dutsin-ma, biyar an gama har an tare, uku ana kan linta. Laifin kuwa nawa ne. A zanen da aka amince mini, kowane gida da salgarsa da sokawensa. Ni kuma da siminti ya tashi sai na haɗe gida biyar a rami guda, na sa mai aikin famfo ya fitar da bututu ta ƙarƙashin katanga, rarar ruwan ta riƙa gangarawa kwatar unguwa. Da rani ƙasa ta rufa mini asiri. Da Agusta ta kama, kwata ta cika ta tumbatsa, wari ya shiga zauren mutane.

Na rubuta wannan ne don abokan sana'ata masu gina gidajen sayarwa da na haya, saboda wata huɗu na yi ina zirga-zirga a kan abin da ya kamata ya ƙare cikin mako shida.

Birnin Katsina ba shi da babban bututun ƙazanta na gari wanda gidaje ke jonawa, irin na ƙasashen Turai ko tsakiyar Abuja. Saboda haka izininka na salga da magudana yana cikin zanen ginin da aka buga wa hatimi. Ka kauce wa zanen, ka saɓa izini ke nan. Masu iya zuwa maka suna da yawa: hukumar tsara birane ta jiha, URPB, a kan zane, hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA, da duba-gari a kan ƙazanta, sai hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007. In rukunin gidajen babba ne ƙwarai, dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992 ma tana iya hawa kanka. Don haka abu na farko, zauna ka karanta takardar da aka bari, har bayanta. Wace hukuma ce ta bayar, wane laifi aka ambata, kwana nawa aka ba ka. Ni na ɓata mako guda ina sintiri a ofishin da ba su ma san da maganar ba.

Ka tsayar da aiki da gaske. Kada ka goge fentin, kada ka sa birkiloli su dawo da dare. Wannan laifi ne na biyu, kuma shi ke sa jami'in da ya zo da niyyar sassauci ya murtuke. Dillalai za su yi ta zuwa, kowa ya ce ya san wani a ciki, a ba da na goro magana ta mutu. Ba ta mutuwa. Fayil ɗin na nan a kabad, ranar da aka sauya ma'aikaci sai a sake kakkaɓe shi, kai kuma ba ka da ko rasit.

A ranar nan, kafin magariba, ka toshe bututun. Ka kira motar kwashe salga, ka karɓi rasit, ka kuma tambayi direba inda zai juye. In ya je ya zubar a rafin Ginzo ko a bayan gonar wani, kayanka ne, kuma sunanka za a kira. Ɗauki hotuna da waya kafin a fara da bayan an gama.

Daga nan sai maƙwabta, kuma a nan na fi daɗewa, don kusan duk takardar da ka gani a ƙofarka wani ne ya kai ƙara. Kada ka tsaya binciken ko wane ne. Je wajen mai unguwa, ka tuɓe takalmi, ka faɗi gaskiya. Namu dattijo ne, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, tun ran gini ran zane. Da ka zo tun kana haƙa, da mun nuna maka inda rijiyar Inna take." Ya tashi ya kai ni. Gidan wata tsohuwa ne a bayan katangata, rijiyarta ba ta kai taku goma sha biyar daga sokawena ba. Ta jawo guga ta miƙo mini. Ruwan ya yi fatsi-fatsi, kana kai hanci za ka kau da kai. Ta ce, "Ɗan nan, jikokina uku ke sha." Ban sami abin cewa ba sai "Inna, ki yafe mini." Duk wanda ya ga abin da amai da gudawa ke yi wa yara da damina ya san abin da ke cikin gugan nan. Tun daga ranar na ɗauki nauyin 'yan garuwa su riƙa kai mata ruwa, daga baya na ja mata layi daga burtsatsen gidajen.

Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, ramin kuma ya kasance ta gangare. To fulotinmu na ƙafa 50 a 100 kusan mita 15 ne a 30. Ka ga duba cikin fulotinka kaɗai ba ya wadatarwa, sai ka leƙa ta katanga ka ga abin da ke gidan maƙwabci.

Sai ka nufi ofis, kuma kada ka je hannu rabbana. Ka riƙe takardar fili, zanen da aka amince, rasitan kuɗin izini, hotuna, da sabon zanen gyara wanda injiniya mai rajista ya sa wa hannu. Ka rubuta wasiƙa gajera: na karɓi takardarku ta rana kaza, na tsayar da aiki, na toshe bututu, ga gyaran da zan yi, ina neman zama. Kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka tafi da shi. Lauya ya duba wasiƙar kafin ka miƙa, don amsa abin da ka yi daban, ɗaukar wa kanka abin da ba ka yi ba daban. A tawa takardar an haɗa da toshewar wata kwalbati da shara ce ta unguwa ta cike ta tun kafin in sayi filin. Na nuna hoto, aka cire.

A wajen zaman, yawancinmu kan tara muke kafewa, alhali ita ce ƙarama a cikin asarar. Kuɗin fasa dabe, haƙa sababbin ramuka da zaman leburori ba aiki sun ninka ta. Abin da za ka yi ciniki a kansa shi ne lokaci da iyakar aikin. Yarjejeniyar ta fito a rubuce, ta ce rami nawa, girman kowanne, a ina, zuwa wace rana, wa zai zo dubawa, nawa ce tarar, kuma wace takarda za a ba ka a ƙarshe mai nuna an rufe magana. Kada ka yi alkawarin mako biyu don a ji daɗinka. Haƙa a tsakiyar damina rami ke ruftawa, ka nemi wa'adin da za ka iya cikawa. Tara kuma a asusun gwamnati ake biya, a banki, da rasit mai sunanka ko na kamfaninka.

In an riga an kai ka kotu, ko da ta tafi-da-gidanka ce, sulhun ofis ba ya ɗauke maka zuwa. Ka halarta a ranar da aka sa. Lauyanka ya sanar da alƙali ana tattaunawa, in an daidaita a gabatar da sharuɗɗan a gabansa. A ƙarar da ba ta laifi ba, alƙali kan mai da su hukunci bisa yardar ɓangarori, daga nan saɓa su saɓa wa kotu ne. Ba mu kaɗai ke haka ba. A Amurka, a 2008, manyan kamfanonin gina gidaje huɗu sun amince su biya tarar dala miliyan 4.3 kan ruwan sama mai kwasar laka da datti daga wuraren gininsu, a ƙarƙashin dokar tsabtar ruwa ta 1972, tare da sharaɗin gyara yadda suke aiki.

Gyaran kansa ba wani sirri: salga mai ɗaki biyu, a shafe cikinta da siminti kada ta yi yoyo, da bututun fitar da iska, sokawe dabam, ruwan indararo kuma a kai shi kwata, kada ya shiga ko ɗaya. Kuskuren da ya ƙara mini wata guda shi ne na bari aka zuba murfin kankare kafin mai dubawa ya zo. Ya tsaya a kai, ya buga ƙafa, ya ce, "Alhaji, ni me zan rubuta na gani?" Sai da aka fasa biyu. Ka kira su rami na buɗe, su auna, su sa hannu, sannan a rufe.

Takardar rufe magana da ta fito na yi mata kwafi goma. Kowane mai gida na ba shi ɗaya haɗe da zanen da ke nuna inda raminsa yake, don kada gobe ya ɗora shago a kai. Ɗaya na kai wa mai unguwa. Ya juya ta, ya miƙa wa ɗansa ya karanta masa, sannan ya ce a kai wa Inna tata.