Darasi na Bakwai: Fita Yawo da Yara a Dogon Hutu Ba Tare da Cin Bashi Ba

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, gida ya cika da hayaniya ke nan. Kafin kwana uku yara sun fara: "Baba, yaushe za ka kai mu Gamji?" Uba ya ce sai an yi albashi, uwa ta ce sai kasuwa ta yi kyau. Ana haka har Satumba ta shigo, a koma makaranta ba a leƙa ko'ina ba. Abin da ke hana yawancinmu fita shi ne ba mu san nawa fitar za ta ci ba, sai mu ji tsoronta tun daga gida. Yau za mu ɗauki biro da takarda mu ƙirga ta.

Ina za mu je?

A fara da wuri na kusa. Yaro ɗan shekara huɗu bai damu da nisan tafiya ba. Shi dai ya shiga Keke Napep, ya ga abin da bai saba gani ba, ya sami fili ya yi gudu.

A cikin garin Kaduna akwai lambun Ƙofar Gamji, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. Yana bakin Kogin Kaduna, ga manyan itatuwa ga inuwa. A nan ne tsohuwar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga take, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna. Ka nuna wa yaronka ita, ka gaya masa ta girmi kakan kakansa, ka ga yadda zai zaro ido.

Akwai Gidan Tarihi na Ƙasa a kan titin Ali Akilu. An buɗe shi a 1975, a tsohon ginin jam'iyyar NPC, wadda ta mulki Arewa a Jamhuriya ta Farko. A ciki akwai kawunan yumɓu na mutanen Nok, waɗanda aka tono a kudancin jiharmu, sun haura shekara 2,000. Akwai kuma Gidan Arewa a kan titin Rabah, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. Yanzu cibiyar tarihi ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Yaran da suka kai 'yan aji uku ko huɗu na firamare sun ji sunan Sardauna a bakin malamansu, to gani ya kori ji. Amma ni a ganina waɗannan gidaje biyu ba na 'yan ƙanana ba ne sosai, domin ba a gudu a ciki, ba a taɓa kaya, ɗan shekara uku kuwa ba ya minti ashirin bai gaji ba. Idan yaranka duk ƙanana ne, zaɓi fili mai inuwa.

Zariya kuwa, da tazararta ta kusan kilomita 80, a bar ta sai yara sun tasa.

Wuri ɗaya tak a rana. Kafin ranar, a tambayi wanda ya je kwanan nan: nawa ne kuɗin shiga, ƙarfe nawa ake buɗewa, ana barin a shiga da abinci?

Lissafi

Ga misali. Kuɗin da ke nan na koyon lissafi ne kawai, kowa zai sa farashin unguwarsa a nasa littafin.

Wani magidanci a Tudun Wada yana da mata da yara uku. Tun kafin hutu matar ta sayi asusu, suna jefa ₦250 kullum. Bayan kwana 40 aka fasa.

250 × 40 = ₦10,000

Da daddare, bayan yara sun yi barci, suka baje kuɗin a kan tabarma. Maigidan ya fara ware kuɗin shiga, sai matar ta riƙe hannunsa.

"Malam, fara cire na dawowa tukuna."

"Ai da zuwa da dawowa duk kuɗi ɗaya ne."

"A'a. Da safe kai ke zaɓar keke. Da yamma, in hadari ya haɗo, mai keke ke zaɓar fasinja."

Gaskiyarta. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe a darasin yau. Na taɓa tsayawa a bakin titi da yara biyu, ɗaya a goye, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, kuɗin da ke hannuna kuma bai kai abin da masu keke ke nema ba, domin na kashe ragowar a kan balan-balan da alawa. Sai da wata baiwar Allah ta cika mini. Kukan da yaran suka yi a ranar ya shafe duk daɗin da suka ji. Tun daga nan kuɗin dawowa nake fara cirewa, in ƙara wani abu a kai, in ƙulle shi daban inda hannu ba zai kai ba.

Ga yadda suka rubuta nasu:

Dawowa: ₦2,000
Zuwa: ₦1,500
Shiga, mutum 5 × ₦500: ₦2,500
Cefanen abincin da za a tafi da shi: ₦2,000
Kuɗin kwaɗayi, yara 3 × ₦300: ₦900

Jimla ₦8,900. Idan aka cire daga ₦10,000, saura ₦1,100. Wannan ragowar ita ce ko-ta-kwana. Ba a taɓa ta sai dole. In an dawo da ita, ta koma sabon asusu.

Ku lura da layin nan na kuɗin kwaɗayi. Masu askirim da gugguru da kayan wasa suna bakin ƙofa suna jira, kuma yaro zai nuna. Hana shi ɗungum yakan jawo kuka, saya masa duk abin da ya nuna kuma shi ke cinye kuɗin mota. Tun a gida a gaya wa kowane yaro: "Ga naka, abu ɗaya za ka zaɓa." Wanda ya iya ƙirga a ba shi a hannunsa, ya biya da kansa, ya karɓi canji. Shi ma ya yi nasa darasin lissafin.

Wata dabara kuma: ku haɗa kai da maƙwabta. Gida biyu su ɗauki shatar mota ɗaya su raba kuɗin, wannan ta dafa abinci, waccan ta haɗa zoɓo. Idanun da ke lura da yara ma sun ƙaru.

Guzuri

Abincin gida ya fi araha, kuma kin san hannun da ya dafa shi. Dafa-duka a kula, ko alale, ko dafaffen dankali da ƙuli-ƙuli, duk suna jure rabin yini. Kunun aya yana saurin lalacewa idan babu ƙanƙara, gara zoɓo. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara uku gyaɗa ko gugguru yana gudu yana ci, suna iya sarƙe shi. Ruwan sha a cika gora tun daga gida, ya fi yawan da kike zato za a sha. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, ba a ba shi ruwa ko da ana zafi.

A jaka a sa tabarma ƙarama, lema, sabulu, kayan canji na kowane yaro, da leda biyu: ɗaya ta jiƙaƙƙun kaya, ɗaya ta shara.

Lokaci da tsaro

Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa. Ruwa ya fi tsananta a Agusta da Satumba, kuma sau da yawa da yamma hadari ke haɗuwa. Ku fita da hantsi, ku ci abinci bayan Azahar, ku kama hanyar gida kafin La'asar tun yara ba su fara rigimar barci ba. A waɗannan watanni kogi a cike yake, yana gudu da ƙarfi, gaɓarsa da santsi. Kada yaro ya matsa bakin ruwa, ko don ɗaukar hoto. Kada kuma a ce wa 'yar shekara tara ta kula da ƙanenta a irin wannan wuri, aikin babba ne.

Yaro yakan ɓace a cikin taro cikin ƙiftawar ido, musamman ranakun Lahadi da lokacin Sallah. A nan karatun da kuke yi zai yi muku rana. A yanki takarda, a rubuta sunan yaro, sunan unguwa, da lambar wayar uba ko uwa, da manyan baƙaƙe. A naɗe ta a leda saboda ruwa, a sa a aljihunsa ko a maƙala da fil a cikin rigarsa. A nuna masa mai gadin ƙofa, a ce: "In ba ka gan mu ba, je wurin wancan baban, ka ba shi takardar nan."

Aikin gida

Kowa ya zaɓi wuri ɗaya da zai kai yaransa. Ya tambayo kuɗin keke daga unguwarsa da kuɗin shiga, ya rubuta lissafinsa kamar na sama, layin dawowa a farko. Sannan ya ƙirga nawa zai riƙa jefawa a asusu kullum, kuma kwana nawa zai ɗauka. A kuma rubuto takardar aljihu ta kowane yaro. Ku zo da su mako mai zuwa mu duba lambobin wayar tare, domin lamba ɗaya in ta kuskure, takardar ba ta da amfani.