Kwanan Fili da Waƙar Aro: Inda Muke Yawan Yin Tuntuɓe a Bikin Kiɗa

Ana cikin zagayen shayi na biyu a fadarmu, wato majalisar hirarmu ta unguwar Zariya a Maraɗi, wani ƙanenmu ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon bikin Glastonbury ne na Ingila: tantuna kala-kala sun cika gona iya ganin ido, ga wasu samari a kan dandamali suna rera tsohuwar waƙar da ba tasu ba, dubban mutane na yi musu amshi. Ya ce, "Yaya, mu ma me zai hana? Mu sayi tanti, mu ɗauki gita, mu tafi." Na ce masa babu abin da zai hana, mun sha yi ma. Sai dai mun ji jiki kafin mu gane cewa rigar da ke cikin wayar nan an ɗinka ta ne daidai jikin wata ƙasa, duk wanda ya sa ta a nan bai kai wa tela ba zai ji matsi.

Matsin farko daga kalanda yake fitowa. Wannan biki da aka fara a 1970 a wata gonar shanu ta yankin Somerset, ƙarshen Yuni ake yinsa, mutum wajen 200,000 su yi kwana biyar a fili. Yuni zuwa Agusta su ne watannin ɗuminsu, a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, zafin kuma yawanci bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. Mu a Maraɗi waɗannan watanni damina ce: ƙasa duk ta zama gona, sauro ya yi sarauta, hanyoyin ƙauye sun yanke. Wasu kuma in suka ji an ce "lokacin zafinsu" sai su shirya fita a bazararmu, Afrilu ko Mayu, ga zafi ya haura digiri 40. Tantin leda a wannan rana tanderu ne, gurasa kawai ta rage a manna. Lokacin kwanan fili a ƙasarmu daga kaka yake farawa ya bi cikin sanyi. Na gabanmu sun riga mu sani: taron makiyaya na Cure Salée a Ingal cikin Satumba ake yinsa, sa'ad da ruwa ya fara ɗaukewa, bikin Ayar na Iferwan kuma cikin sanyi. In fadarku ce za ta shirya nata ɗan taron, ku duba tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Wanda ya zaɓi sanyi kuma kada ya tafi da riga ɗaya don ya ga rana ta buɗe a tashar mota. Daren Disamba a arewa yana sa ƙato ya yi makyarkyata. Bargo, rawani, da man shafawa saboda kaushi.

Wurin kafa tanti shi ne inda aka fi yin kuskuren da ke iya cin rai. Baƙon daji idan ya ga yashi mai laushi a kwari, fari tas, babu ƙaya, sai ya ce ya samu katifa. Hanyar ruwa ce. Mun taɓa yin haka a wajen Madarunfa wani ƙarshen damina, sama garau, taurari a fili. Wani dattijo da ke komawa gida da jakinsa ya tsaya ya dube mu, ya ce, "Samari, a nan za ku kwana?" Muka ce, "E, Baba." Ya ce, "To, ku sa takalmanku kusa." Muka yi dariya. Wajen ƙarfe uku na dare ruwan da aka yi can wani wuri, wanda ko yayyafinsa bai same mu ba, ya iso ƙarƙashin tabarminmu. Mun tsira da kanmu da gita ɗaya, tukunya da buhun gari sai labari. Ka hau tudu ko da ƙasar da tauri. Ka duba gindin itatuwa, in ka ga yayi da ƙiraruwa sun sarƙe a gefe guda, ruwa ne ya ajiye su, kuma zai dawo.

Ƙofar tanti kada ta kalli gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iskarsa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Magina ba su rasa dalili ba da suke ƙara wa bangon gabas yaɓe. Ka juya ƙofa yamma ko kudu. Ƴan ƙarafan nan da ake sayar da tanti da su an yi su ne don ƙasa mai ciyawa, a rairayi iska ɗaya ke tuge su. Ka cika ƙananan buhuna da yashi, ka ɗaure igiya a jiki, ka binne su kamar kamu ɗaya. Shi ma tantin ba dole ba ne. A daren da babu ruwa, tabarma da gidan sauro da bash, wato tamfol, da aka ɗaure bisa sanduna huɗu sun fi tantin kasuwa shan iska, sun kuma fi arha. Gindin gawo ba wurin fakewa ba ne da damina, ganyensa zubewa yake yi a lokacin, ga ƙaya, kuma itace ɗaya tilo a fili shi tsawa ke nema. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa, kunama na son ɗumin ciki.

Akwai kuma abin da ba ya cikin bidiyo: kowane fili da kake gani da mai shi. Ko gona ce, ko burtali ne da garke zai biyo da asuba, ko maƙabarta ce da ba a kewaye ba. Ku fara sauka ƙofar maigari da ɗan goro, ku ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne, muna neman wurin kwana biyu." Sau da yawa zai haɗa ku da yaron da zai nuna muku rijiya. Waɗanda suka tsallake wannan gaisuwa su ne ake tasa cikin dare.

Ruwa ana raina shi a lissafi. A ƙiyasta wa kowane mutum lita 5 a yini don sha da dahuwa kaɗai, ban da alwala da wanka, wato bidon mai lita 25 na mutum biyar yini ɗaya ne. In zawo ya kama wani, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa har a kai shi likita. Abinci a ɗauki wanda ba ya tsoron rana: kilishi, ƙuli-ƙuli, gari, dabino, tukuɗi. Miyar jiya da aka zuba a roba ta sha rana cikin mota ita ce ke mayar da biki jinya. Gawayin shayi kuwa ko sanyi ya kai ina kada ya shiga tanti a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, barci take sa mutum, wani ba ya tashi. Haka hayaƙin janareto, a ajiye shi nesa, ta inda iska za ta kwashe.

Masu niyyar Ingal su tuna tafiyar ba ta yini ɗaya ba ce, daga Agadas ma akwai sauran kilomita wajen 160. A riƙe katin ɗan ƙasa, a tambayi halin hanya wurin direbobin da suka dawo jiya, kada a yi tafiyar dare, a kuma gaya wa na gida ranar dawowa tun ana inda waya ke samun rezo.

Yanzu ga waƙar aro, wadda ita ce ta fi damuna, don tanti in ya faɗi ana tashe shi, waƙa kuwa in an ɓata ta a kunnen yaro haka zai girma da ita.

Masu sauraro ne ke fara yin kuskure. Mawaƙi ya ɗauko waƙar wani tsohon makaɗi, tun bai gama layin farko ba sai ka ji ana cewa "ai bai kai mai ita ba." To da ma wa ya ce zai kai? In muryar mai ita kake so, tana cikin wayarka. Abin da ake zuwa ji a fili shi ne yadda wannan ya ɗauke ta: inda ya sassauta, inda ya bar ganga ta yi magana, baitin da ya zaɓa ya maimaita. Aro ba baƙon abu ba ne a kiɗanmu. Ɗan amshi yakan shekara ashirin bayan ubangidansa, ranar da ubangida ya kwanta dama shi ke ci gaba da waƙoƙin, babu mai ce masa ɓarawo. Mamman Shata ya rasu a 1999, yaran da aka haifa bayan haka da yawansu a bakin wani suka fara jin waƙarsa, a biki ko a rediyo. Ka ba mawaƙi baiti uku kafin ka yanke hukunci.

Su kuma mawaƙan, babban laifinsu karya harshe. Hausa da karin sauti take tafiya. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su. Haka wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha. Tsofaffin makaɗa bisa wannan hawa da sauka suke gina karin waƙa, shi ya sa kalangu ke iya faɗin baitin ba tare da an buɗe baki ba: mai kiɗa ya matsa tsirkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka. Yaro ya zo da piyano, ya ɗora baitin bisa wani kari da ya ji a waƙar Indiya ko ta Amurka, sai kalmomi su kife. Kunnen Bahaushe yakan ji akwai abin da ya goce ko bai iya faɗin mene ne ba. Gyaran mai sauƙi ne, sai dai yana son haƙuri: ka faɗi baitin da bakinka kamar kana magana da wani, sau biyar, ka ji inda murya ke hawa, sannan ka nemi kiɗan da zai bi ta. Ka canza sauri, ka canza kayan kiɗa, ka sa gita a gurbin gurmi in kana so. Karin kalma kam ka bar shi inda ka same shi.

Sai rashin sanin abin da ke cikin waƙar. Waƙoƙin fada da na masu kuɗi na da cike suke da sunaye, da kirari, da zambo. Zambon nan wani aka yi wa, kuma wannan wanin yana da jikoki. Tsakanin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri da dangi na ƙetaren iyaka, da wuya ka tara mutum ɗari biyu babu wanda baitin zai taɓa. Na ga taron da ya yi tsit saboda wani saurayi ya rera habaicin da shi a ganinsa kalmomi ne masu daɗin faɗa kawai. Kafin ka hau da tsohuwar waƙa, ka kai ta wurin dattijo ka ce, "Baba, wannan baitin da wa ake?" In ya yi murmushi ya kau da kai, cire shi. Akwai kuma masu cire sunan wanda aka yi wa waƙar su cusa na wani alhaji da ke zaune a kujerar gaba don a yi musu liƙi. Jaka biyu ko uku za su samu, amma kirarin jarumin da ya yi yaƙi ba ya zama a jikin mai sayar da siminti, kowa kuma yana ji.

Faɗin sunan mai waƙa ba ya rage wa mai aro komai. Jimla ɗaya ce kafin a buga ganga: waƙar wane ce, Allah ya jiƙansa, ko Allah ya ƙara masa lafiya. Rera ta a bakin wuta tsakanin abokai wani abu ne, ɗaukar ta a sitidiyo a sa a YouTube ko a sayar wani abu ne daban. A nan akwai haƙƙin mai ita ko na magadansa, kuma a Nijar hukumar BNDA ce ke kula da wannan. A tambaya kafin a saki.

Ƙananan abubuwa biyu na ƴan kallo. Mai ɗaga waya daga farkon wasa har ƙarshe yakan koma gida da bidiyo mai rawa da batir a mace, ga shi ya tare wa na baya. Waƙa ɗaya ta isa, sauran ka yi amshi. Mai manne wa lasifika kuma ya sani ƙara in ta kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, minti 15 kawai kunne ke ɗauka ba tare da lahani ba. In ka kwanta kana jin ƙugi a kunne, gobe ka ja baya taku ashirin, sautin ma a can ya fi fita.

In an tashi daga dandamali aka koma tantuna, nan ake yin kiɗan da ya fi daɗi, nan kuma ake ɓata wa mutanen gari. Sauti a fili da dare yana tafiya nesa fiye da yadda mai shi ke zato. A kashe sono, wato lasifiku, a bar gita da tafi da bayan ƙwarya, a yi shiru tun kafin kiran assalatu. Da gari ya waye a tsince leda ɗaya bayan ɗaya, don akuyar da ta haɗiye ta ciki ke kumbura mata, mai ita kuma ba zai manta fuskokinku ba. A rufe ramin bayan gida, a zuba ruwa a toka har ta daina huci, a koma a yi wa maigari sallama.

Ƙanen namu ya fasa sayen tanti. Bash ya aro wurin wani mai shago, ya sa ranar fita cikin Disamba, yanzu kullum bayan la'asar yana zaune gaban kakarsa da gita, tana tsayar da shi a baiti na biyu tana cewa ba haka ake faɗin kalmar ba, ya sake.