Koyar da Turanci a waje ba digiri: yadda ake bi daga Kamba har a samu aiki da ɗaki

Tunda na dawo gida hutu ban huta ba, ko a masallaci ko wajen mai shayi sai wani ya ja ni gefe yace Malam wai da gaske ne mutum na iya samun aikin koyar da Turanci a ƙasar waje ba digiri? Har yaran da na koyar a firamare yanzu sun zama samari suna min wannan tambayar. To bari in amsa sau ɗaya kowa ya karanta. Ni NCE gare ni daga kwalejin ilimi ta Argungu, bani da digiri har yau, kuma da wannan takardar nake koyarwa a Faraku ta Jamhuriyar Benin. Saboda haka eh ana samu, amma ba inda kuke kallo ba.

Yawancin abinda kuke gani a Facebook da TikTok na wani yana koyarwa a Koriya ko Chaina an bashi gida kyauta, ba damu ake ba. Koriya ta Kudu bizarta ta malaman Turanci ana ce mata E-2, sai kana da digiri, kuma ko kana da shi fasfonka ake fara dubawa, ƙasashe bakwai ne suka ɗauka a matsayin masu Turanci: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya bata ciki, duk da cewa da Turancin muka yi WAEC. Chaina ma bizar aiki sai da digiri, haka Biyetnam, haka Tailan in dai izinin aiki na gaskiya kake so, Saudiyya da Dubai kuwa ba a ma magana. Duk ejan ɗin da yace maka kawo miliyan kaza zai shigar da kai ɗaya daga cikin waɗannan da takardar sakandare, to ɗayan biyu ne, ko bizar yawon buɗe ido zai yo maka ka je ka zama ɓoyayye, ko kuma ya cinye kuɗin ya kashe waya. Nima an taɓa ni, shiyasa nake magana da zafi. Wani ne a Abuja, ofis harda na'urar sanyi da tutoci a kan tebur, na sayar da buhunan shinkafar da na noma a fadama na kai mai kafin alkalami, wata uku ina kira yana cewa fayil na hannun oga, daga baya lambar ta daina shiga. Baba bai ce min komai ba sai "Allah shi kyauta, ka dai koyi karatu."

Ƙasar da ake yawan ambata a Asiya wadda makarantu ke ɗaukar malami ba digiri ita ce Kambodiya, kuma gaskiya ne, akwai makarantu masu zaman kansu a babban birninsu da takardar TEFL, wato shaidar koyon koyar da Turanci ga wanda ba harshensa bane, kawai suke nema. Ana shiga da biza ajin E ba ta yawon buɗe ido ba, a sabunta ta, sannan makaranta ta nema maka izinin aiki. Amma ɗan'uwa ka buɗe kunne, a wannan yankin ne ake yaudarar mutane da tallan aiki a intanet, kana sauka a karɓe fasfo a kulle ka a wani gida a tilasta maka damfarar mutane ta waya. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023 yace waɗanda aka tsare haka sun kai wajen 100,000 a Kambodiya, 120,000 a Miyanma. In kaga aikin da suka ce su zasu biya maka jirgi, albashi mai kauri, ba su ma ji kana Turanci ba, to gudu. Kuma mai koren fasfo kada ya dogara da cewa zai karɓi biza a filin jirgi, ka gama komai tun kana gida.

Yanzu ga inda ni nake ganin ƙofa take a buɗe, kuma a bayan gidanmu take. Mu mutanen Kabi Allah Ya ajiye mu tsakanin ƙasashe biyu masu Faransanci, Nijar ta Kamba, Benin ta wajen Bagudo da Tsamiya. Yaransu suna rubuta Turanci a jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare da ta BAC ta gama babbar sakandare, 'yan kasuwarsu suna sayayya a Legas da Kano, ɗalibansu na son zuwa Ghana da Najeriya karatu, ga masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji da ake tambayarsu Turanci. Malaman Turancin da ke can da yawa sun iya nahawu sosai amma bakin ne bai saba ba, kai kuma ka taso kana jinshi, nan ne kasuwarka take. Nijar ma a kundin da suka fitar a 2025 sun mai da Hausa harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki, kaga mai Hausa da Turanci a baki ɗaya ba ƙaramin jari ya riƙe ba.

Maganar biza a nan da sauƙi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa ikon shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba biza, Benin da Togo da Kodibuwa da Senegal duk suna ciki. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita a Janairun 2025, suna da tasu ƙungiyar ta ƙasashen Sahel mai suna AES, ana dai ci gaba da shige da fice amma bincike ya ƙaru, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023 iyakar nan yau a buɗe gobe a rufe take, gadar da ke tsakanin Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin ma ta sha kulle. Kafin ka ɗaura jaka je tasha ka tambayi direbobin da suka dawo jiya, su suka fi rediyo sanin halin hanya. Kuma arewacin Benin wajen gandun dajin da ake kira W akwai matsalar tsaro, mu ma nan gida kun san abinda ake ciki, tafiyar rana kawai, kada ka yarda a ce a bi da kai ta daji a kan mashin don a kauce wa shinge. Ka shiga ta ƙofa a buga maka hatimi, saboda wannan hatimin shi zaka nuna ranar da zaka nemi katin zama. Mutanenmu da yawa nan suke kuskure, suna ganin ai kwana 90 ɗin kamar har abada ne, alhali in zaka wuce haka kuma kana karɓar albashi to katin zama dole ne, in ba haka ba kullum kana cikin ba jandarma na goro, kuma ranar da mai makaranta ya hana ka kuɗinka baka da bakin kai ƙara.

Takardun da zaka haɗa tun a gida: fasfo, wanda sai da NIN ake yi, kuma tun Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 naira 200,000, ka cike da kanka a shafin hukumar shige da fice ka je ofishinsu na Birnin Kebbi a ɗauki hoto, ba sai ka bi ta hannun kowa ba. Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawar, a iyaka shi ake fara tambaya kuma na bogi ana ganewa. Sai takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Sai NCE ɗinka ko difloma da sakamakon WAEC ko NECO, in da hali ka kai ma'aikatar ilimi ta tarayya da ta harkokin waje a Abuja su tantance su buga hatimi, in kana da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai, haɗa da ita. Kayi hoton kowace takarda a waya ka tura wa kanka a imel, ka bar kwafi ɗaya wajen wani a gida. Fasfonka kuwa ko mai makaranta ya rantse da Alƙur'ani ajiya zai maka, kada ka bashi, kwafi ya ishe shi.

Sai TEFL. Takarda ce ta koyon yadda ake koyar da Turanci ga wanda ba harshensa bane, wadda ake ganewa ita ce ta awa 120, ana yi a intanet. Babbar yayarsu ita ce CELTA ta Cambridge, bata buƙatar digiri, shekara 18 da Turanci mai ƙarfi kawai, ana yinta kamar sati huɗu zuwa biyar in cikakken lokaci ne, harda awa 6 na koyar da ɗalibai na gaske ana duba ka, sai dai tsada gare ta. In baka da ƙarfinta yi ta awa 120 ɗin, amma dan Allah kayi karatun da gaske kar ka sayi takarda kawai. Ni na ɗauka tunda na koyar a firamare shekaru ai ba abinda zai gagare ni, ranar farko da na shiga aji a Faraku na zuba Turanci na minti goma ina bayanin lokutan aiki, yara arba'in suna kallona kamar an kunna rediyo, can wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu a hankali tace "Monsieur, doucement". Ban ma san ma'anar ba sai da aka tashi aka ce min a hankali take nufi. Tun daga ranar na rage surutu, na koma zane a allo, nuni da hannu, su yi ta magana da junansu bibbiyu ni ina zagayawa. Ka koyi Faransanci ko na gaisuwa da ƙirga da na aji ne kafin ka tafi, zai rage maka wahala rabi.

Neman aikin kansa ba a waya ake yinsa ba, da ƙafa ake yi. Makarantun gwamnati ka manta dasu, na 'yan ƙasa ne. Ka nufi makarantu masu zaman kansu musamman masu kiran kansu masu harshe biyu, da cibiyoyin koyon harshe na yamma inda manya ke zuwa bayan aiki, da makarantun Islamiyya masu haɗa boko. Ka isa a watan Agusta kafin a koma makaranta, ka buga takardar bayaninka shafi ɗaya, gefe Turanci gefe Faransanci, ka sa kaya masu tsabta ka nemi ganin darakta, kace a baka aji ɗaya na minti talatin ka gwada kyauta. Wannan gwajin ya fi duk takardun da ke jakarka aiki. Da yawa biyan awa suke yi ba albashin wata ba, to ka tambaya ƙarara nawa ne awa, awa nawa a sati, ana biya lokacin hutu ko ba a biya, a rubuta a sa hannu. Don ka samu ma'auni, mafi ƙarancin albashi a Benin tun 2023 saifa 52,000 ne a wata. Kuɗin makaranta shi kaɗai ba zai sa kayi gini a gida ba gaskiya, inda ake samun rara shine darasin gida, yaran masu hali da zasu rubuta BAC da 'yan kasuwa masu son na ciniki, ɗaya ya yaba ka sai ya kawo maka uku. Saifa kuma a ɗaure take da yuro, bata rawa irin ta naira, in ka turo gida kana ganin amfaninta.

Af, ƙirgan kuɗi. In ka ji mai Hausar can yace dala ashirin, saifa 100 yake nufi, dala ɗaya saifa 5 ce, jika kuma 1,000. Mutanen Kamba da Dole Kaina sun san wannan tun suna goye amma ɗan Gusau ko Yawuri sai an cuce shi sau biyu yake ganewa.

Masauki kuwa kada ka kama ɗaki daga gida ta hoton WhatsApp. Kusan kowane babban gari a can yana da Zango, Faraku akwai, Kwatano akwai, Lome akwai, ka sauka ka nufi masallacin Zango kayi sallah ka gaida liman ka faɗi daga inda ka fito da ɗan wa kake, da wuya a rasa wanda ya san wani naka, za a haɗa ka da mai masauki ka kwana biyu kafin ka gane gari. In da hali ka taho da lambar wani ɗan kasuwar garinku mai bin hanyar. Sai ka samu aiki tukunna ka nemi ɗaki kusa da makarantar, don kuɗin zemijan, wato ɗan acaɓarsu, shi ke cinye albashi ba a sani ba. Daɗin can haya wata-wata ake biya ba shekara ba kamar namu, amma akwai kuɗin ajiya da ake bayarwa a farko, a Benin doka ta tsaida shi kada ya wuce na wata uku, ga kuma na dillali. Ka karɓi rasit na kowane sisi, ka duba mitar wuta taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka ce, in ta haɗaka ce a gidan da wani ke da firiza biyu to kai zaka riƙa biya mai. Ka je da yamma ka ga ko famfo na kawo ruwa, ka tambayi maƙwabta ko unguwar na cika da damina. 'Yan'uwa mata masu wannan niyya ku nemi makarantar da zata baku ɗaki ko gidan iyali da aka sani ta hannun liman, kuma a gida a san sunan unguwa da lambar mai gidan.

Wanda iyaye basu sake shi ba, ko yana da iyali, akwai ta intanet. Shafukan koyar da harshe irin su Preply da italki da Engoo suna ɗaukar wanda ba Bature ba kuma ba digiri, bidiyon gabatarwa na minti ɗaya ko biyu zaka yi. Preply suna riƙe kuɗin darasin farko na kowane sabon ɗalibi gaba ɗaya, sannan su cire kaso a sauran, ka sani tun yanzu kar kace an cuce ka. Matsalar mu a nan wuta ce da sabis, sai da ƙaramar sola da layi biyu, da ɗakin da akuya da yara basa shigowa ana tsakiyar darasi. Ka sa Hausa ma a cikin abinda kake koyarwa, masu nemanta basu da yawa amma masu koyar da ita ma basu da yawa.

Ni yanzu abinda nake yi, duk wata ina ware wani abu daga kuɗin darasin gida, saboda da NCE ana shiga jami'a kai tsaye aji biyu ta JAMB, ko a yi ta buɗaɗɗiyar jami'a NOUN ana aiki ana karatu. Fom ɗin bana na riga na saya, ranar Laraba in Allah Ya kaimu zan shiga Birnin Kebbi in ƙarasa rajista kafin in koma.