Yadda ake gane kauri da nauyin bangon takardu kafin a yi bayindin

Inda sabon mai shagon bayindin, wato haɗa takardu da bango su zama kundi, yake fara tafka asara shi ne ya ɗauki lambar da ke jikin fakitin kwali da wadda ke jikin fakitin roba a matsayin abu ɗaya. Ya ga 250 a nan, ya ga 250 a can, sai ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Fara da kwalin baya. Lambar da ke jikinsa, wadda ake rubuta gsm a gefenta, nauyi take nunawa: giram nawa murabba'in mita ɗaya na wannan kwalin yake. Takardar A4 goma sha shida ce ke cika murabba'in mita. Ke nan farar takarda mai 80 kowace ɗaya giram 5 ce, rim mai 500 kuma kilo biyu da rabi. Kwali mai 250 kowane ɗaya ya ɗan haura giram 15 da rabi, fakitin ɗari zai kai kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Idan ka ɗora a sikeli ka ga bai kai ba, to lambar jikin leda ce kawai, kwalin ba mai 250 ba ne.

Nauyi dai ba ya gaya maka kauri. Kwali mai sheƙi an matse shi an shafe shi, don haka ya fi mai kaushi siranta ko da lambarsu ɗaya. Ɗauki ɗaya ka riƙe ta gefe: idan ya sunkuya ya zube, ba zai riƙe kundin ɗalibi ba. Ga bayindin na zobe, wanda ake huda gefen takardu a zura musu zobe, kada ka sauka ƙasa da 230, mai kaushin nan da ke kama da fata shi ne zaɓi. Mai 300 ya fi kyau, sai dai kuɗinsa, kuma ba kowane ɗalibi zai biya ba.

Sai robar gaba mai haske. Ita da maikiron ake auna ta, kuma kauri ne zalla. Maikiron 1000 shi ne milimita ɗaya. A nan rula ta ishe ka: fakitin ɗari na mai 200 zai kai santimita biyu, na mai 150 kuma ɗaya da rabi. Danne fakitin da hannu kafin ka auna, saboda iskar da ke tsakani tana ƙara masa tsawo. Ka yi wannan awon tun a kasuwar Terminus ta Jos kafin ka biya, don idan ka yage leda da wuya a karɓa. Wasu fakitocin da awon Amurka suke zuwa, mil. Mil ɗaya maikiron 25.4 ne, wato mai 7 kusan 180, mai 10 kusan 250. Wanda bai san haka ba sai ya ga 7 ya raina kaya.

Mai 150 araha ce, amma a Jos ba ta aiki. Sanyin hunturu yana sa roba ta yi tauri, siririyar kuma sai ta fara tsagewa daga bakin ramuka tun kafin ɗalibin Jami'ar Jos ya kai wa malaminsa gyara na biyu. Ka tsaya a kan 200. Takardar da za a riƙa buɗewa kullum, kamar ta ofis, ka sa mata 250. Kuma kada ka huda roba fiye da biyu a tashi ɗaya. Haƙoran inji suna dakushewa, ramukan su fito da gezar da tsagewa ke farawa daga gare ta.

Girman zobe kuwa, haɗa takardun da bangon gaba da na baya, ka auna duka, ka ƙara milimita biyu ko uku. Takarda ɗari mai 80 wajen santimita ɗaya ce, don haka zobe mai milimita 12 ya dace. Idan ya matse, shafi ba zai juyu ba.

Bango mai tauri na kundin ƙarshe da milimita ake sayen allonsa, mai 2 ya wadatar. Ajiye kwali a kwance, nesa da ƙasa, musamman da damina, in ba haka ba ya sha danshi ya lanƙwashe.